Sarƙar ruwan zinari da lu'ulu'un kanti: yadda za ki zaɓa, ki sa, ki adana

Ranar kamun ƙanwata na shiga taro da sarƙa mai hawa uku da na saya jika bakwai a hannun wani mai tebur. Sai da ya dafa ƙirji ya rantse mini cewa ko wanka na yi da ita ba za ta sauya ba. Bazara ce, irin zafin Maraɗi na watan Afrilu, rumfa cike da mata, kasko uku na turaren wuta suna ta hayaƙi. Kafin la'asar wuyana ya yi kore shar kamar na goga ganyen zogale. Gwaggona, wadda ta yi shekaru tana dillancin kayan mata gida-gida daga unguwar Bagalam har unguwar Zariya, ta ja ni bayan ɗaki, ta jiƙa bakin zanenta tana goge mini tana faɗa ƙasa-ƙasa: "Ɗiyata, ƙafarki ce kaɗai ta je kasuwa, idonki kin baro shi gida."

Daga ranar ta fara koya mini sayen kayan ƙyale-ƙyale, ni kuma na ƙara da abin da na tsinta daga baya. Abin da na riƙe shi ne, sa sarƙar da ba zinari ba babu abin kunya a cikinsa. Abin kunyar shi ne a sayar miki da ita da sunan da ba nata ba, ko ki kashe ta da hannunki cikin sati guda. Zinari dai ya yi nisa da talaka: a 2020 farashin oza guda, wato giram 31 da ɗan ɗori, ya haye dalar Amurka 2000 karo na farko, a watan Maris na 2025 kuma ya wuce 3000. Hajiyoyi da yawa masu na gasken ma a akwati suke kulle shi, su fita biki da na ruwa, don cunkoson biki ba ya rasa mai dogon hannu. Ba mu muka fara ba. Coco Chanel ta Faransa tun shekarun 1920 take jera lu'ulu'un ƙarya a wuya, tana gauraya shi da na gaske, har manyan matan Turai suka bi sahu. Sarƙar lu'ulu'u mai hawa uku ta Jacqueline Kennedy, matar tsohon shugaban Amurka, ta kwalba ce, amma da aka yi gwanjonta a 1996 sai da ta kai dalar Amurka 211,500.

Mataki na farko tun a gida yake. Ki fara sanin kayan da za ki sa wa sarƙar, don wadda ta je kasuwa ba da wata riga a ranta ba, duk abin da ya ƙyalla shi zai kira ta. In anko ne, ki yanki ɗan ƙyalle ki tafi da shi. Ki sa wani farin tsumma a jaka, da ɗan mayen ƙarfe (irin na jikin tsohuwar sifika ko na murfin jaka ya isa). Ki tafi da hantsi, lokacin da rana ke da haske kuma mai shago bai gaji ba. Fitilar shago an sa ta ne don ta yi wa kaya kwalliya. Duk abin da kika zaɓa, ki roƙa a bar ki ki fito da shi bakin ƙofa ki gani a hasken Allah.

Na biyu, ki san abin da ke ƙarƙashin ruwan. Yawancin kayan nan da ke babbar kasuwa daga Sin suke, birnin Yiwu ne babbar matattararsu, wasu su biyo ta Dubai, wasu ta Kano su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa. Duka launinsu ɗaya a ido, amma cikinsu ya bambanta. Akwai na baƙin ƙarfe zalla da aka yi wa wanka sama-sama, shi ne mafi arha, shi ne kuma ke tsatsa. Akwai na tagulla, mai ɗan nauyi, wanda ke riƙe ruwan zinari da kyau, amma da zarar ruwan ya goge sai jan ƙarfen da ke cikinsa ya haɗu da zufa ya bar miki kore a fata. Abin da ya same ni ke nan, kuma koren nan ba cuta ba ne, sabulu na fitar da shi. Akwai na inoks, ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda sau da yawa za ki ga an buga masa 316L. Shi ne ya fi jure zufarmu, sai dai aikinsa ba ya kai na tagulla laushi da ƙananan zane. Sai kuma azurfar gaske da aka yi wa ruwan zinari, mai lamba 925.

Ki juya maƙullin sarƙa ko cikin zobe ki nemi rubutu. In kin ga 750, ana nufin zinari karat 18 (karat shi ne ma'aunin tsabtar zinari). 875 karat 21. 916 karat 22. In kuwa akwai haruffan GP a bayan lambar, kamar 18KGP, to ruwa ne kawai aka yi masa, kuma ruwan nan sau da yawa bai kai mikiron guda ba, alhali milimita guda mikiron dubu ce. In haruffan GF ne, zinarin da aka lulluɓa wa ƙarfen ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, don ƙa'idarsa zinarin ya kai kashi ɗaya cikin ashirin na nauyin abin. Amma kada lamba ta ruɗe ki. Mai buga 750 a jikin tagulla ba ya neman izinin kowa. In da sunan zinarin gaske ake sayar miki, babu gwajin gida da zai wadatar: ki kai wa maƙerin zinari ya goga a dutse, ya ɗiga ruwan gwaji, ya ɗora a sikeli, a rubuta miki takarda da giram da karat.

Yanzu ki fito da mayen ƙarfenki. In sarƙar ta yi tsalle ta manne, baƙin ƙarfe ce, ki ajiye sai dai in ta kwana ɗaya kike so kuma kuɗinta na kwana ɗaya ne. In maƙullin kaɗai ya ɗan ja, ba komai, akwai ɗan siririn ƙarfe mai tsalle a cikinsa ko a sarƙar zinari ma. In ba ta manne ba, abin da kika sani kawai shi ne ba baƙin ƙarfe ba ce. Tagulla ma ba ta mannewa, don haka kada wani ya nuna miki wannan ya ce shaidar zinari ce. Daga nan ki murza ta da farin tsumman nan da ɗan ƙarfi. Wadda ta bar rawaya ko baƙi a tsumma tun a shago, me za ta yi a wuya? Ki sunsuna ta kuma: ƙarnin tsohon kwabo alamar ruwan ya yi siriri ne. Ki buɗe maƙulli ki rufe sau biyar ko shida, ki duba ƙananan zobban da suka haɗa gaɓoɓin ko bakinsu a rufe yake, ki ja sarƙar a kan mayafinki ki ji ko tana kama zare. Wadda ta kama mayafi za ta ci leshi.

In mai duwatsu ce, ki kalli yadda aka zaunar da su. Dutsen da ƴan ƙananan farata huɗu ko shida suka riƙe ya fi wanda aka liƙa da gam, domin gam ba ya shiri da zafinmu. Ki ɗan kaɗa ta kusa da kunne. In kin ji ƙaras-ƙaras, wani dutse na shirin tafiya.

Mataki na uku shi ne lu'ulu'u, kuma a nan nake so mu daɗe, don a nan aka fi cin kasuwar mata. Na gaske a cikin kawa yake samuwa, wata halittar ruwa mai ɓawo biyu, wadda ke lulluɓe duk abin da ya shige mata da wani ruwa mai sheƙi, hawa kan hawa, shekara da shekaru. Tun da Kokichi Mikimoto na Japan ya samu nasarar noma shi a 1893, wato kiwon kawa don ta yi lu'ulu'u, kusan duk na gasken da ke kasuwannin duniya nomawa ake yi, kuma Sin ce ke fitar da mafi yawan na ruwan daɗi. Na kwaikwayo kuwa ya girme shi: a ƙarni na 17 wani mai yin tasbaha a Faris, Jacquin, ya gano cewa sheƙin ɓawon kifi, in an tace shi, yana ba ƙwallon kwalba kamar lu'ulu'u. Har yau masu yin na kirki, irin su kamfanin Majorica na tsibirin Mayorka a Sifen da ya faro tun 1890, tsoma ƙwallon kwalba suke yi a ruwan sheƙi, a busar, a goge, a sake tsomawa, sau da yawa. Na arha kuwa roba ce aka fesa wa fenti sau ɗaya. Tsakanin waɗannan biyun ne cinikinki yake.

Ki ɗora sarƙar a tafin hannu. Ta roba ba ta da nauyi, kamar kin riƙe gugguru. Ta kwalba za ki ji ta zauna. Ki kai ta kumatu: kwalba da na gaske suna da sanyi da farko kafin su ɗauki ɗumin jiki, roba kuwa ɗumi-ɗumi take tun farko. Ki juya ƙwaya ɗaya a hankali ki nemi wani siririn layi da ya zagaye ta. In akwai, wurin da bakin mazubi ya haɗu ne, roba ce ba tantama. Sannan ki matsa ƙwayoyi biyu gefe ki leƙa ramin da zare ya bi, don a nan asirin kowace ƙwaya yake tonuwa. Ta kirki raminta ƙarami ne, bakinsa a share. Marar kirki za ki ga fenti ya taru ya yi tudu a bakin ramin, ko ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa. Gwaggo farcenta take sawa a daidai nan ta ɗan kankara, in mai kaya ya yarda, in fenti ya biyo farce, sai ta miƙa masa abinsa ta ce, "Alhaji, Allah ya kawo kasuwa."

Gwajin haƙori kuma don mai cewa nasa na gaske ne. Ki goge ƙwayar, ki ɗan gurza ta a hankali a gefen haƙorin gaba. Na gaske yana da ɗan gantsi-gantsi kamar yashi mai laushi, na kwaikwayo santsi yake zamewa. In kina ƙyamar kai shi baki, ki goga ƙwayoyi biyu da juna, za ki ji abu guda. Wata alamar: na gaske mai arha ba ya zama kai ɗaya. Wata ƙwayar kamar ƙwai, wata kamar shinkafa, wata da ɗan ƙurji. In an nuna miki sarƙa kowace ƙwaya mulmulalliya, girma ɗaya, launi ɗaya, ba tabo, aka ce ta gaske ce kuma jika biyar, to ki yi dariya ki tambayi farashinta na gaskiya.

Ki duba zaren ma. Sarƙar da aka yi wa ƙulli tsakanin kowace ƙwaya da ƴar'uwarta ta fi, saboda dalili biyu: ƙwayoyin ba sa gugar juna su ɓare, kuma ranar da ta tsinke ƙwaya ɗaya ce za ta faɗi. Na taɓa ganin marar ƙulli ta tsinke a tsakiyar filin rawa, yara suka bi ƙwayoyin a guje kamar an watsa alewa, mai ita tana tsaye da zare a wuya.

Game da launi da girma, ra'ayina ne, kina iya saɓa mini. Fari fat mai ɗaukar ido, wanda ke komawa shuɗi-shuɗi a rana, shi ya fi saurin tona kansa. Mai ruwan madara, ko mai ɗan ja-ja, ko mai ruwan zuma, ya fi kwanciya a baƙar fata da wankan tarwaɗa. Ƙwaya mai milimita 6 zuwa 8 ita ke kama da ta gaske. Daga 12 zuwa sama kowa ya san ta kanti ce, kuma ba laifi, in dai da gangan kika sa ta don ado mai faɗa da murya.

Na huɗu, ciniki. Ki yi tambayar kai tsaye: "Malam, cikinta mene ne, tagulla ko inoks?" Mai kayan da ya san abinsa zai faɗa miki nan take. Wanda ya amsa da "ai wannan ƴar Dubai ce" bai amsa ba, Dubai gari ne. Ki tambaya ko zai canza miki in ta sauya cikin sati, kuma ki yi tambayar a gaban wani. In ta WhatsApp za ki saya, ki ce a ɗauko miki bidiyo a tsakar gida da rana, a kan hannu, a juya bayanta a nuna maƙulli. In jika goma ce a hannunki, na fi son ki sayi saiti ɗaya na kirki da ɗan kunne biyu na yau da kullum a kan ki kwaso saiti biyar da ba za su ga sallah ba. Ga masu haɗa lefe kuma, ku faɗa wa dangin amarya gaskiyar abin da ke cikin akwati. Na ruwa da aka kira na ruwa ba ya zubar da mutuncin kowa, amma wanda aka ce zinari ne, ranar da buƙata ta kai shi gaban sikeli, maganar ba ta mutuwa a dangi.

Na biyar, sawa. Ki bar wuyan riga ya yi miki jagora. Shaddar da aka cika wa aiki a ƙirji ba ta buƙatar sarƙa, manyan ƴan kunne da awarwaro sun ishe ta. In kin ƙara sarƙa sai su yi ta kokawa da zaren aikin, ba wanda ya fito. Atamfa mai yawan zane tana son abu guda marar hayaniya, kuma a nan ne silin lu'ulu'u ɗaya ke yin abin mamaki. Leshi mai duwatsu ya riga ya ƙyalla, a ba shi ruwan zinari marar dutse. Riga mai faɗin wuya tana ɗaukar gajeriyar sarƙa ta santimita 40 zuwa 45, doguwar riga ko abaya marar ado kuma tana son mai tsawon 70 zuwa sama. In da hijabi za ki wuni, kada ki ɓata kuɗi a wuyan da ba mai gani. Ki sa su a zobe, abin hannu da ɗan fil mai kan lu'ulu'u. Manyan ƴan kunne masu nauyi kuwa na awa biyu ne ko uku. Dubi kunnuwan wasu iyayenmu da suka tsage, nauyi ne ya ja su a hankali.

Ga ƙa'idar da ta fi kowace tsawaita ran kayan nan: su ne na ƙarshen hawa jiki, su ne na farkon sauka. Ki yi wanka, ki shafa mai, ki shafa humra, ki tsuguna a kan kasko ki turara jiki da kaya, ki fesa turare, ki jira jiki ya sha, sannan ki ɗauko sarƙa. Turaren fesawa na da sinadarin da ke dusashe fentin lu'ulu'u, hayaƙin turaren wuta kuma maiƙo ne da shi, yana kwanciya a kan duwatsu ya kama ƙura. Mu kuwa mun saba mu gama shiri tsaf da sarƙa a wuya sannan mu ce a miƙo kasko. In za ki yi alwala, wanke-wanke ko girki, ki cire zobe da awarwaro. In kin manta sun jiƙe, ki tsane su nan take.

In wurin ɗan kunne ko bayan wuya ya fara ƙaiƙayi, ya yi ja, ya fito da ƙananan ƙuraje masu ruwa, wannan ba irin koren tagulla ba ne. Yawanci wani ƙarfe ne da ake kira nikel jikinki ya ƙi, kuma wanda jikinsa ya ƙi shi ya ƙi ke nan, ba a sabawa. Matsalar ta yi yawan da Tarayyar Turai ta kafa doka a kansa tun 1994. Ki cire, ki bar wurin ya warke, in ya ƙi ki je likita. Shafa man farce marar launi a cikin zobe ko a bayan sarƙa yana ɗan raba ƙarfe da fata, amma yana gogewa, sai an riƙa sabuntawa, kuma ba a shafa shi a sandar da ke shiga hudar kunne. Jaririyar da aka huda wa kunne kuwa, don Allah kada a sa mata na tebur. A samo ɗan ƙaramin zinari ko inoks mai kyau. Wasu kayan masu arha akwai dalma a cikinsu, yaro kuma komai baki yake kaiwa, ga haɗarin haɗiye ƙwaya.

Na shida, in kin dawo gida. Kafin ki kwanta, ki goge kowane abu da busasshen tsumma mai laushi, tsohuwar rigar auduga ta fi komai. Zufar da ta kwana a jikin sarƙa ita ke cinye ruwan. In datti ya kama, ki ɗan jiƙa tsumman da ruwa mai ɗigon sabulu marar ƙarfi, ki goge, ki bi da busasshe. Kada ki jiƙa su a kwano: zaren lu'ulu'u zai saki, duwatsu masu azurfa a baya kuma za su yi duhu in ruwa ya shiga. Toka, kanwa, omo, lemun tsami, man goge baki, duk ki bar wa tukwane da tsohuwar azurfar Buzaye, wadda ko an kankare ta azurfa ce har ciki. A kan ruwan zinari, gogewa ɗaya da toka ta isa ta kai ki ga tagulla. Ruwan cire jan farce kuma narkar da fentin lu'ulu'u yake yi.

Wajen ajiya, gwangwanin alewar nan da muke tara komai a ciki shi ne makabartar sarƙoƙi: su sarƙe, su kankare juna, maƙullin wannan ya ɓare lu'ulu'un waccan. Kowane saiti a ba shi ƴar ledarsa mai zif ko ɗan ƙyallensa. Lu'ulu'u a kwantar da shi, in an rataye zaren na miƙewa. Da damina ki jefa guntun alli ko ƴar jakar nan mai ƙwayoyi da ke zuwa a kwalin sabon takalmi, suna shanye laima. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a rufe akwati. Da bazara kada ki bar su a taga ko a cikin mota, zafi na sa roba ta yi rawaya, gam ya saki.

In sarƙar lu'ulu'u ta tsinke ko zarenta ya yi baƙi, ba sai kin yar ba. Ki shimfiɗa tawul a faranti don kada ƙwayoyin su gangara, ki jera su yadda suke, manya a tsakiya. Ki samo zaren nailan mai ƙarfi wanda tsawonsa ya ninka na sarƙar kamar sau huɗu, da siririyar allurar da za ta wuce ramin. Ki ɗaura gefe ɗaya na maƙulli da ƙulli biyu, ki zura ƙwaya ta farko, ki yi sako-sakon ƙulli, ki sa bakin wata allura a cikin ƙullin ki tura shi har ya manne da ƙwayar, sannan ki zare allurar ki ja. Haka za ki bi su ɗaya bayan ɗaya. In ƙullin yana shigewa cikin rami, zaren ya yi siriri, ki ninka shi biyu. Ƙwayoyin da suka ɓare ki mayar da su can baya kusa da maƙulli, inda ɗankwali ke rufewa. A ƙarshe ki ɗaura ɗaya gefen, ki mayar da bakin zaren cikin ƙwayoyi biyu na baya, ki yanke, ki ɗiga man farce kaɗan a kan ƙullin. Ta farko da na yi ta cinye mini daga azahar har magariba, kuma ta fito a ɗan karkace. Gwaggo ta ɗaga ta sama, ta kalle ta da ido ɗaya, ta ce in kwance in sake.